Zauren Baffa da Rigar Siminti

A gidanmu na Gwandu akwai wani zaure da ba a ajiye buhu a cikinsa, ba a ɗaure dabba a gindinsa, ko baƙo ba a sauke shi a ciki. Karatu kawai ake yi. Ni na kayar da shi, ko da yake ban taɓa ɗaga masa diga ba. Duk unguwa an san haka, don haka ba wani asiri zan tona ba. So nake in rubuta yadda yake tun ina iya tunawa, domin ƙananan gidanmu ba za su san shi ba.

Ni birkila ne. Bokona bai wuce firamare ba, allo kuwa da ƙyar na sauke. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai yayansa ya riƙe ni, shi ne nake kira Baffa. Baffa malami ne, kuma zauren nasa ne, kamar yadda yake na ubansa da kakansa kafin shi. Ɗalibansa ba yara ba ne. Magidanta ne, wasu da furfura: manoman albasa, masunta, wani tela, wani mai gyaran keke. Bayan la'asar suke zuwa, ɗaya ya karanto larabci, Baffa ya fassara ya yi bayani. Da jami'a ta zo Kalgo sai mutanen unguwa suka riƙa kiran wurin jami'ar Baffa, suna dariya. Shi ma yana dariya.

Ban san shekarar da aka gina shi ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da muka ji shi ne kakan Baffa ya zo garin nan neman ilimi, ya zauna, ɗalibai suka yi yawa a gindin bishiya, sai suka haɗu suka yi masa ɗaki. Da tubali aka yi shi, irin mai kama da ƙwai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya. Katangar tana da kauri daga ƙasa, tana sirancewa tana hawa. A ciki akwai baka biyu da suka taso daga bango, suka lanƙwaso suka gitta juna a tsakiyar rufi, abin da magina ke kira ɗaurin guga. Ƙashin bakan azara ce ta giginya, an jera ta guntu-guntu, kowace ta ɗan fi ta ƙasanta leƙowa, an ɗaure, an lulluɓe da ƙasa. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama ta yamma, tana sako haske daidai inda mai karatu ke zama. A jikin ƙafar baka ta arewa akwai alkuki, 'yar kafar da ake ajiye fitila, ta yi baƙi da hayaƙin mutanen da ban sani ba. A bazara, lokacin da ƙasar waje ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa.

Akwai ka'ida ɗaya a zauren: littafin da aka buɗe a cikinsa, a cikinsa ake sauke shi. Ko malami ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, sai a jira. Baffa ya ce ubansa ya taɓa gadon rabin littafi daga kakansa, ya ƙarasa shi a kan buzu ɗaya.

Ginin ƙasa kuwa kamar dabba yake, sai da kiwo. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akwai ranar yaɓe. Tun da sauran kwanaki ake jiƙa jar ƙasa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa. Ana jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ruwanta ya yi ja kamar shayi, shi ke hana ruwan sama cin bango. Ranar, duk wanda ya taɓa karatu a zauren sai ya zo, daga Dalijan, daga Kambaza, har waɗanda suka daina zuwa karatun. Wasu a ƙasa suna jefa curi, wasu a sama suna cafewa. A share bakin indararo, a toshe ramin ƙadangare, a shafe bango da tafin hannu, yatsu suna barin layi. Mata su kawo fura. Ni tun ina saurayi na tsani ranar nan. Ƙasar tana wari, makuba tana rina farce, kuma ina ganin wahala ce da ba ta ƙarewa, bana a yi, baɗi a sake.

Na koyi aikin bulo, na bi 'yan kwangila, har Allah ya kai ni Kalgo lokacin da ake ta gine-ginen jami'a. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Na sa hannu a aikin wani babban ɗakin karatu mai kujeru hawa-hawa, wanda zai haɗiye zaurenmu da gidanmu gaba ɗaya bai ƙoshi ba. Rodi, kankare, rufin ƙarfe mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya. Duk ranar da na koma gida bakina ba ya hutawa. Ina da son a yaba mini, wannan halina ne tun da can, har yau kuma ban rabu da shi ba.

A gidan akwai taubashiyata, 'yar ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ta dawo tana dafa wa Baffa. Ita ta laƙa mini Injiniya.

"Injiniya ya dawo," in ji ta. "A shimfiɗa tabarma, za a ba mu labarin ƙarfe."

"Ke dai kawo tuwo."

"Tuwon ƙasa muka ci nan. Ko in dama maka siminti?"

A lokacin idon Baffa ya riga ya tafi. Karatu bai tsaya ba, domin littattafan suna kansa, a karanto masa kawai. Wata rana na kai shi asibiti a Birnin Kebbi, muka gama da wuri, sai na roƙe shi mu ƙarasa Kalgo ya ga inda nake aiki. Haka na ce, ya ga, shi kuma bai gyara mini ba. Ɗalibai suna hutu. Na nemi izini aka buɗe mana babban ɗakin, na riƙe hannunsa muka shiga. Ya tsaya ya karkata kai yana saurare.

"Baka nawa gare shi?"

"Ba ko ɗaya, Baffa."

"To mi ka riƙe da rufin?"

"Ƙarfe."

Ya ɗaga murya ya yi sallama. Ɗakin ya dawo masa da ita daga can ƙarshe. Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa.

"Wanga ɗaki na da ladabi, shina amsa sallama."

Ya lalubi bango, ya shafa, ya sake shafawa. Ya yi wa masu karatu a ciki addu'a mai tsawo, waɗanda suka zo da waɗanda ba a haifa ba. Ya ji daɗin wurin da gaske. Ni kuwa a hanyar komawa ba abin da nake tunawa sai hannunsa a kan bangon nan mai santsi, da bangonmu mai kaushi da warin makuba. Kunya ta kama ni, a kan abin da ba na kunya ba.

A shekarar ranar yaɓe ta yi wuya. Tsofaffin ɗalibai ƙarfinsu ya ragu, matasa suna wurin neman abinci, makuba ma sai an je nesa domin ɗorawa ta yi ƙaranci. Da aka zauna shan fura sai na kawo shawara: in yi wa zauren filasta ta siminti, bango da rufi, a huta har abada. Mutane suka yi na'am. Sun gaji, kuma suna ganin girmamawa ce ga malaminsu. 

"Haka munka ishe shi," Baffa ya ce a hankali.

"Baffa, da ma sun sami siminti da sun sa."

Wannan maganar tawa ce, a gaban mutane na faɗe ta. Shi kuma mutum ne mai kawaici ga ɗan ƙaninsa fiye da yadda zai yi wa ɗan cikinsa. Ba zai ƙaryata ni a gaban jama'a ba.

"To. Amma kar ka taɓa cikin."

Ina da abokin aiki a Kalgo, kafinta, mutumin Zuru, Kirista, wanda muke cin abinci kwano ɗaya. Da na gaya masa sai ya ajiye cokali.

"Mutumin Gwandu, ƙasa da siminti ba sa aure. A garinmu an ɗaura, an raba."

"Kai katako ka sani, Kafinta. Zan buga ƙusa da ragar waya, ya kama."

"Zai kama. Surukai ma suna gaisawa."

Na yi dariya na wuce. Na yi aikin, kuma na yi shi da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na buga raga, na watsa siminti, na goge shi sumul, na fitar da kusurwa inda da babu kusurwa. Zankwayen da ke saman rufi na gyara su suka yi tsini. Na shafa farin fenti. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Taubashiyata ta fito ta riƙe ƙugu.

"An yi wa tsoho kwat," ta ce. "Saura takalmi."

Shekarar farko ba abin da ya faru, ta biyu ma haka. Bazara ta zo ba a jiƙa ƙasa ba, ba a dama furar gayya ba. Mutanen Dalijan da Kambaza da ba sa zuwa sai ranar yaɓe ba su da dalilin zuwa, ba su zo ba. Ban lura da wannan ba a lokacin. Ban kuma lura cewa ba wanda ya sake hawa rufin ba, har da ni. Me za a hau a yi? An gama.

Abin da na sani yanzu, bangon ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitar da shi. Damina ta jiƙa shi, rana ta busar. Ni na bar masa hanyar sha na toshe ta fitarwa. Rana ta tsaga simintin rufi, tsaga siririya kamar gashi, ruwa yana bi yana shiga, laima kuma tana tasowa daga ƙasa. Gara ta sami duhu da sanyi a bayan rigar, inda ba idon da zai gan ta.

A cikin waɗannan shekaru Baffa ya buɗe wani babban littafi na fiƙihu da ɗalibansa da suka rage. Mai karantowa wani dattijo ne manomin albasa daga Dalijan, mai murya kamar ana jan guga. Baffa ya faɗa da bakinsa cewa wannan ne na ƙarshe da zai buɗe, yana roƙon Allah ya ba shi kwanan sauke shi. Kullum la'asar ana cin ganye ɗaya ko biyu. Sun wuce rabi da nisa lokacin da zauren ya fara wari.

Taubashiyata ce ta fara faɗa mini, ba da wasa ba wannan karon. Ta ce tabarmi suna yin sanyi, gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Na ce damina ce. Na ƙi shiga in duba da kyau, domin ina tsoron abin da zan gani. Wata Juma'a na dawo daga Kalgo na tarar da Baffa a waje shi kaɗai, yana bin bangon gabas yana ƙwanƙwasa shi da sanda. Ya ji tafiyata.

"Zo ka ji."

Ya buga. Bangon ya amsa kamar ƙwarya a kife.

"Da can ba shi magana," ya ce. Ya juya ya lalubi ƙofa.

Washegari na ɗauki guduma na fasa simintin daidai faɗin faranti. Ƙasa ta zubo mini a ƙafa, jiƙaƙƙiya, baƙa, gara tana gudu a ciki. Na sa hannu har gwiwar hannu ban taɓa abu mai ƙarfi ba. A gefen ramin, inda bai gama ruɓewa ba, na ga yaɓen shekaru a jere, ɓawo a kan ɓawo kamar albasa. Na ɓamɓaro ɗaya, ga layin yatsu a jikinsa. Na ɓamɓaro na ƙarƙashinsa, ga wasu yatsun, ƙanana, na wani daban. Na zauna a ƙasa da su a hannu.

Na kira Kafinta. Ya zo a kan babur ranar Lahadi bayan ya fito coci, ya cire takalmi a bakin zaure, ya gaida Baffa a durƙushe. Ya soka ƙusa a ƙafar baka ta gabas, ta shige kamar cikin gurasa. Bai ce ya gaya mini ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Muka kafa katakai muka tokare bakan biyu. Baffa yana zaune yana jin bugun guduma.

"Kafinta, sanduna nawa ka ba tsohon?"

"Baba, ya fi ka yawa yanzu."

"To ya girme ni, ya cancanta."

Aka ci gaba da karatu a tsakanin katakai, ɗalibai suna leƙen malaminsu ta gefen itace. Ni ina Kalgo jikina kawai, duk hadarin da ya taso gabas sai hankalina ya koma kan zauren. Kafinta ya ce mini katako zai riƙe rufi, amma ba zai riƙe bangon da ya zama kunu ba. Da marka ta kama, ruwa yau ruwa gobe, na je na durƙusa gaban Baffa na ce a fita. Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba.

"Saura kaɗan," ya ce.

"Na sani, Baffa."

"In ni ɗai ne, da na zauna."

Ya juya carbinsa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai masu iyali a ƙarƙashin rufin. Ya ce a kwashe littattafai.

Ɗakina na bulo da rufin kwano aka mayar da karatun. Da rana zafi, in ruwa ya sauko kuwa kwano ya ɗauki ƙara, ba mai jin wani. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina ganin bakin Baffa yana motsi, dattijon Dalijan ya kanga hannu a kunne. Daga baya sai su haƙura su zauna jugum har ruwa ya ɗauke. Baffa bai taɓa yin ƙorafi ba. Sau ɗaya kawai, da ya shigo, na ga ya miƙa hannu gefen dama yana neman ƙafar baka da ya saba dafawa, hannun ya faɗa iska.

Zauren ya faɗi da rana, bayan azahar, ana yayyafi. Ina gida. Ba wata ƙara mai yawa, kamar raƙumi ya durƙusa da kaya. Bangon gabas ya zauna, bakan suka biyo shi, rigar simintina ta ɓare manyan falle-falle, fentin yana nan fari tas. Ba wanda ya ji ciwo. Abin da ya rage a tsaye shi ne ƙafar baka ta arewa, da alkukinta. Taubashiyata ta fito ta duba, ta dube ni. Na jira ta ce Injiniya. Ta koma ciki ta kawo mini ruwa a moɗa.

Karatu ya ci gaba a ɗakina har ya rage 'yan ganyayyaki. Ran nan dattijon Dalijan ya gyara murya zai fara, sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Rufe. A nan za mu tsaya."

"Malam, ko jikin ne?"

"Jiki lafiya lau. Ba nan anka buɗe shi ba."

Muka gane. Sai dai damina ba ta ƙare ba, wurin kuma tudun laka ne da ɓaraguzai. Baffa yana tari a lokacin, ƙafafunsa sun kumbura. Kowa ya san abin da kowa ke tsoro, ba wanda ya faɗa. Na roƙe shi ya ƙarasa, na ce Allah ya ga uzuri. Ya ce ya sani, ba ya cewa farilla ce, amma zai jira. Duk safiya kafin in tafi aiki sai in tsaya a ƙofar ɗakinsa in ji tarinsa tukuna.

Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta sha iska. Ban aika wa kowa ba, kunya ba ta bar ni ba. Dattijon Dalijan ne ya baza magana. Ranar da na fito da shebur zan fara kwasa, sai ga mutane, har da fuskokin da rabona da su tun yaɓen ƙarshe. Ba wanda ya yi mini maganar siminti. Suka jera, ana miƙa ɓaraguzai hannu da hannu, ana ware azarar da gara ta bari gefe guda. Kafinta ya zo ya zare katakansa. Mata suka kawo fura. Kafin la'asar daɓen zauren ya fito, tsohon daɓe mai sheƙi, da ɗan kwarin da zaman malamai ya yi a gindin ƙafar baka.

Ni da taubashiyata muka riƙo Baffa. Da muka zo inda ƙofa take a da, ya tsaya ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba don kada ya bugi saman ƙofa, ya yi sallama. Muka amsa masa. Ya miƙa hannu dama, ya sami ƙafar bakan, ya shafa har ya kai alkuki, sannan ya zauna a kan buzunsa. Rana tana dukan rawaninsa. Wani ya tashi zai riƙe masa lema, ya ce a bari.

Dattijon Dalijan ya buɗe littafi ya karanto, Baffa yana fassarawa. Babu rufin da zai tara muryar, iska tana kwashe ta, sai mutane suka riƙa matsowa har gwiwa tana taɓa gwiwa. Ni ban shiga ba. Na tsaya a inda bangon gabas yake, ƙasa a hannuna da rigata. Sun kai ƙarshe kafin magariba. Aka shafa addu'a, dattawa suna share ido da bakin rawani.

Da za a tashe shi sai ya ce, "Ina ɗana?"

Na matso na durƙusa. Ya lalubo hannuna, ya ji ƙasar da ta bushe a kai, ya murza ta da yatsunsa.

"Wagga da ta rage," ya ce, yana dafa ƙafar bakan, "ruwa na zuwa baɗi."

"Na ji, Baffa."

Bai ga wannan daminar ba. Da bazara ta zo na jiƙa jar ƙasa a bayan gida, na aika aka nemo mini makuba daga ƙauye. Aikin bai kai a kira mutane ba, ƙafar baka ɗaya ce, ni kaɗai na yaɓe ta da tafin hannu. Taubashiyata ta kawo fura ta ajiye a inuwar bangon maƙwabta, ta tsaya tana kallo.

"Ka bar wuri can sama," ta ce.

Na ɗebo wani curin na hau.